Muryar da Ta Iso Ranar Kasuwar Dungas

Na kai shekarun da mantuwa take shiga ɗakina ba sallama. Sunayen ɗalibai da yawa sun kuɓuce mini, haka ma fuskokin wasu da muka yi aiki tare. Amma akwai wata safiya ta lokacin kaka wadda na tabbata ba za ta bar ni ba sai ranar da aka mayar da ƙasa a kaina. Ita ce safiyar da na tsaya a ƙofar gidan wani aminina da ban taɓa gani da ido ba, na ɗaga murya na yi wasa irin wanda ban taɓa yi ba tun da na yi wayo.

Ya kamata in fara da bayyana irin mutumin da nake, domin in ba haka ba mai karatu ba zai gane nauyin abin ba. A lakwal ta mishan, wato makarantar boko, na yi karatu a Damagaram, a zamanin da ake duba farcen yaro da wuyan rigarsa kafin a bar shi ya shiga aji. Iyayena Musulmi ne, ni ma haka na tashi kuma haka nake, amma horon waɗancan malamai ya shiga jinina. Sun koya mana cewa kowane abu yana da lokacinsa da mazauninsa, kuma dariya a gaban jama'a alama ce ta wanda bai riƙe kansa ba. Da wannan hali na koyar a Dantchiao, da shi na zama diraktan lakwal, da shi kuma na ajiye aiki na dawo gida Magariya. Har yau in na ratsa kasuwa, magidanta masu furfura sukan gyara tsayuwa su kira ni yadda ake kiran malamin lakwal da Faransanci, su ce, "Mushe, ina wuni," kamar dai zan tambaye su aikin gida.

Wani tsohon ɗalibina ne ya saka lambata a wani gurup na salula, wanda mu muke kira zaure. Mutanen Magariya da Dungas ne a ciki, manoma da makiyaya da 'yan kasuwa, har da waɗanda suka tafi neman abinci nesa. Ana ba da labarin inda ruwa ya sauka, ana cigiyar dabbar da ta ɓata, ana sanar da haihuwa da rasuwa. Ban daɗe ba suka ɗora mini shugabancin zauren, saboda hayaniya ta yi yawa kuma sun san ba na ɗaukar shirme. Na kafa dokoki. Ba a turo hoton da ba a san asalinsa ba, ba a zagi, ba a ba'a. Zaure ya yi tsit kamar aji ranar jarrabawa, ni kuwa na ji daɗi.

Sai ga wani saƙon murya ya shigo daga lambar da ban sani ba. Murya ce ta dattijo, siririya, mai ɗan karkata irin ta Fulani, kuma tun kalmar farko ana jin murmushi a cikinta.

"Jama'a, salamu alaikum. Na ga hoton shugaban namu. Ashe wanda aka yi wa huɗa a fuska ne, kunya-kunya, saura a zuba iri. To yaushe duniya ta lalace har bawa ya kafa wa iyayengijinsa doka? Lale, lale, Babarbare. Ka zo ka kai mini shanu rafi, in ka dawo sai mu ji dokokin naka."

Zauren ya fashe. Mutanen da suka yi makonni ba su ce uffan ba duk suka fito. Ni Babarbare ne, tsagen yana fuskata, kuma na san wasan da ke tsakaninmu da Fulani tun kaka da kakanni, wanda kowane ɓangare yake cewa ɗayan bawansa ne. Na san kuma cewa ba a fushi da abokin wasa, ba a kai shi ƙara, ba a kore shi daga zaure. Dokata ba ta da iko a kansa. Na amsa masa da cewa na gode da gaisuwa, kuma ina fatan za a ci gaba da kiyaye ƙa'idar zaure. Ya dawo da cewa, "Ku ji shi, yana magana kamar mai karanta labaran radiyo."

Haka muka fara. A hankali ya koma turo mini saƙonni ni kaɗai, ban da wanda yake jefawa cikin zaure. Na san cewa yana zaune a wani ɗan ƙauye tsakanin Dungas da Mallawa, yana noman gero da wake, yana da 'yan shanu da tumaki. Na san kuma cewa ciwon ƙoda ya kama shi shekaru kafin mu haɗu. An kai shi likita a Damagaram ba sau ɗaya ba, a sallamo shi, ƙafafu su sake kumbura, a mayar da shi. Bai taɓa faɗin wannan da bakin mai neman tausayi ba. Yakan ce ƙafafunsa sun yi ƙiba sun bar sauran jiki a baya, ko ya ce likitoci sun hana shi gishiri, abin da ya tabbatar masa cewa Barebari ne. In na tambaye shi jiki, amsa ɗaya ce: "Da sauƙi, alhamdu lillahi."

Akwai wani abu game da saƙonninsa da dole in yi bayani. Ƙauyensu ba rezo, wato sabis ɗin waya ba ya kaiwa can, ba kuma wuta. Kullum da safe bayan salla yakan ɗauki salula ya yi magana a ciki, saƙon ya tsaya yana jira. Ranar kasuwar Dungas matarsa takan ɗauki nono ta tafi sayarwa, ta ƙulle salular a bakin zanenta, ta ba mai sharji ya cika mata batir. Da zarar an kunna ta a can, sai saƙonnin mako duka su taso gaba ɗaya, namu kuma su shiga. Da yamma ta koma masa da ita. Saboda haka duk zauren ya san cewa muryarsa ba ta zuwa sai ranar kasuwar Dungas.

Ni kuma na yi wa abin tsari, kamar yadda nake yi wa kome. Na ga cewa tun da shi kowace safiya yake yin ɗaya, bai dace in zuba su duka a kunne lokaci guda ba, kamar mai haɗama a gaban akushi. Sai nake sauraren ɗaya kowace safiya, bi da bi, in amsa shi, in bar na gaba sai gobe. Ta haka kowace rana tawa tana da gaisuwarta. Matata, wadda ta san ni fiye da kowa, ta lura cewa nakan rufe ƙofa kafin in saurara. Ta taɓa ce mini, "Malam, ai katangar ba ta hana a ji dariyarka." Na ce mata tari ne.

Gaskiyar ita ce mutumin ya zama mini abin da ban samu ba a tsawon aikina. Kowa yana girmama ni, shi kaɗai yake tsokanata. Amma ko sau ɗaya ban rama ba. Nakan shirya amsa mai kyau a raina, in danna wurin ɗaukar murya, sai harshena ya koma kan hanyar da ya saba: "Na ji saƙonka, na gode, Allah ya ƙara lafiya." Sau da yawa na ce zan zo in duba shi, sai ya ce, "A'a. Bari in miƙe tukuna. Bawa ba ya ganin ubangidansa a kwance, raini yake kawowa." Na ɗauki wannan a matsayin kunyar Fulani, wadda ba ta son a ga rauninta, na kuma girmama ta.

A kakar da nake ba da labari, ranar kasuwa ta zo, saƙonni suka shigo da hantsi. Na lura ba su kai yawan da aka saba ba, amma hakan ya sha faruwa in batir ya mutu a tsakiyar mako, don haka ban kawo kome a raina ba. Na buɗe na farko.

"Mushe bawana, ka kwana lafiya? Jiki da sauƙi, yau har fura na sha. To na ba ka izini, ka zo. An yanke gero, hanya ta bushe. Amma ka ji sharaɗina. In ka iso ƙofar gidana kada ka yi mini sallamar dirakta. Shekara da shekaru ina zubar da wasa a kanka kamar mai ban ruwa a kan dutse. Ka rama ko sau ɗaya, in ji da kunnena, in san Babarbare yana da baki."

Ban jira ba. A ranar na shiga kasuwar Magariya na sayi goro da dabino da lemun tsami, na sa aka yanko mini rake mai kyau. Washegari da asuba na saurari saƙo na biyu, wanda bai wuce labarin wata tunkiya da ta shiga rumbu ba, na bar na ƙarshe domin gobe, bisa tsarina. Na shiga mota zuwa Dungas, daga can na hau kabu-kabu.

Duk tsawon hanyar nan, muna ratsa gonaki ana ɗaure dammunan gero, ni ina bitar abin da zan faɗa. Na shirya shi kamar yadda nake shirya darasi: na auna kalmomi, na cire wannan, na mayar da wancan, na gwada a hankali har mai babur ya waiwayo ya ce, "Baba, magana kake?" Na ce ya dubi gabansa.

Da muka iso aka nuna mana gidan. Akwai wata bishiyar gawo a ƙofarsa, an shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashi, maza sun zauna da yawa. Na ga wasu da carbi. Na ce a raina masu dubiya ne, ko kuwa an taru ne domin taya shi ɗaukar amfanin gona. Har na yi murna, domin na san zai fi jin daɗi in an yi abin a gaban shaidu. Na sauka, na gyara hula, na yi sallama a gajarce, ban ko jira an gama amsawa ba na ɗaga murya yadda za ta shiga har cikin gida.

"Ina malalacin Bafillacen nan da ya kwanta don kada ya yi mini noma? Ku gaya masa ubangidansa ya iso! In bai mutu ba, ya fito ya ɗauki kayana!"

Ban taɓa jin shiru irin wanda ya biyo baya ba. Hannuwan da ke jan carbi suka tsaya. Wani da ya kai kofin ruwa baki ya sauke shi bai sha ba. Daga bayan zana, can cikin gida, wata mace ta saki wani sauti gajere, ta danne shi.

Wani dattijo dogo, mai farin rawani, ya tashi a hankali ya nufo ni. Ya dubi fuskata, ya dubi tsagen, ya ce, "Kai ne Mushe na Magariya."

Na ce ni ne.

"Ni wansa ne. Zo ka zauna."

"Ina yake?"

"Zauna tukuna, Mushe."

Ya riƙe hannuna da nasa biyu, ya ce Allah ya yi masa cikawa, an yi jana'iza kwanaki da suka wuce, addu'ar bakwai ake shiri.

Abin da na yi bayan haka har yau yana ba ni mamaki. Ban yi salati ba, ban zauna ba. Musu na yi. Na ce masa wannan ba ya yiwuwa, akwai kuskure, domin jiya na ji muryarsa, yau da asuba ma na ji. Na ce shi ya kira ni, ya ce jiki da sauƙi, ya sha fura. Na zaro salula daga aljihu, na danna, kamar mai gabatar da hujja gaban alƙali. Muryar ta fito a ƙarƙashin gawon nan, sarai, da murmushinta: "Mushe bawana, ka kwana lafiya?"

Mazan da ke zaune suka ja da baya. Wani ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," sauran suka ɗauka. Kukan da aka danne a cikin gida ya ɓalle. A lokacin ne na zube a bakin tabarma, raken da na kawo ya faɗi cikin rairayi.

Wan nasa ne ya warware mini abin, bayan an ba ni ruwa. Matar tana takaba, ba ta fita. Shi ne ya ɗauki salular ya kai Dungas jiya, domin a yi mata sharji ya kira dangi na nesa ya sanar da su. Bai san da wani zaure ba, bai san akwai maganar da ke kwance a ciki tana jiran rezo ba. Mai sharji ya kunna, saƙonni suka kama hanyarsu kamar kullum. Ashe tun ina zaɓen goro a kasuwar Magariya ƙasa ta riga ta kwanta a kansa. Furar da ya ce ya sha kuwa, wan ya ce cokali biyu ne, kuma ba ta zauna ba.

Na ce, "Na zo gidan makoki na yi abin da na yi. Ku gafarce ni."

Dattijon ya girgiza kai. "Babarbare ne kai. Ko a kan kabarinsa ka faɗa, hakkinka ne, ba mai hana ka. Mu dai firgita muka yi."

Aka kai ni bakin zana domin in yi wa matar ta'aziyya. Ban gan ta ba, muryarta kawai na ji, a dishe. Bayan mun gaisa ta ce, "Mushe, ka ji na ƙarshen?"

Na ce ban ji ba, na ajiye shi sai gobe.

"Ka ji shi yanzu. Ni na riƙe masa salular, hannunsa ba ya iyawa."

Na koma gefe, na kara a kunne. Ba don na san lambar ba da ban gane mai maganar ba. Numfashi ya fi kalmomi yawa. Ya ce, "Mushe. Ina jin tafiya ta zo. Na daɗe ina yi maka wasa, kai kuwa ba ka taɓa ramawa ba. In ya kasance yana ɓata maka rai ne, kana haƙuri da ni don girma, to ka yafe mini. Kada in je da shi." Daga nan sai ƙarar zane, saƙon ya yanke.

Saƙon nan yana aljihuna tun jiya da hantsi. Da shi na shiga kasuwa, da shi na kwana, da shi na hau babur ina bitar ba'a. Na san ko da na saurare shi a kan lokaci ba zan tarar da shi da rai ba. Amma mutumin ya tafi yana tambayar kansa ko abin da ya fi faranta mini rai a tsufana laifi ne a wurina, kuma ba wanda ya jawo wannan shakka sai irin amsoshin da na riƙa ba shi.

Na koma bakin zana na tambaye ta ko da gaske ya zaci ina fushi.

Ta ce, "Wata rana ya ce kana so, wata rana ya ce bai sani ba. Amma duk ranar kasuwa in na dawo, naka yake fara nema. Ya saurara, ya maimaita, ya yi ta dariya har ciki ya murɗa masa, yana cewa, ji bawana, ko gaisuwa sai ya sa mata kwala. Ɗazu da na ji ka a ƙofa, kafin in tuna ba ya nan, har na juya zan ce masa, tashi, ga shi ya rama."

Wanda ya nemi gafara kafin ya cika, ana amsa masa a gaban mutane. Na fito wurin maza, na tsaya, na gaya musu abin da ya roƙa. Na buɗe baki zan yi jawabi irin wanda na saba, mai farko da tsakiya da ƙarshe, sai na ji ba zai fito ba. Abin da ya fito shi ne, "Ku shaida, na yafe wa bawana. Bai taɓa yi mini laifi ba, sai dai ya gudu bai gama mini aiki ba."

Wansa ya share ido da bakin rawani, ya ce, "Ubangidanka dai. Kuma tun da ya tafi, ni na gaje ka. Ɗauko raken can ka fere mana."

Aka yi dariya, irin wadda take fita tare da hawaye. Na ɗauko raken daga cikin rairayi, aka miƙo mini wuƙa, na zauna na fere, ni da ban taɓa cin abu a bainar jama'a ba.

Da yamma, muna shiga Dungas rezo ya dawo, salulata ta yi ta ƙara. Zaure ne. Saƙon da ya jefa musu, mai labarin tunkiyar nan, shi ma ya iso jiya, ana ta amsa masa. Wannan yana cewa, "Baffa, Allah ya ƙara sauƙi," wancan yana tsokanarsa kan tunkiya, wani yana tambayar ko zai sayar da ɗan maraƙi. Na tsaya a bakin tasha na daɗe ina kallon su. Sa'an nan na danna, na sanar da su rasuwarsa da muryata. Na yi ta sau ɗaya, da rawarta da tsayawarta, ban goge na sake ba.

Shekaru sun wuce. Lambarsa tana cikin zaure har yanzu, kuma muddin ni ne shugaba ba mai cire ta. Dokokin suna nan, ban da ta hana ba'a. Abin da na koya a ƙarƙashin gawon nan ban same shi a lakwal ba, ban kuma koyar da shi ga kowa ba sai yanzu. In majinyaci ya ce da sauƙi, ladabi ya yi maka, sai ka tashi ka je ka gani da idonka. In saƙonsa ya iso, ka saurare shi duka a ranar, domin muryar da ke cikin salula ba ta ba da shaidar cewa mai ita yana numfashi. Kuma in wani ya nuna maka ƙauna ta hanyar da ya iya, ka amsa masa ta wannan hanyar tun yana iya ji, ko da amsar ba ta gama gyaruwa ba. Ni na tsaya gyaran tawa, na kai ta cikakkiya, na faɗe ta a ƙofar gidansa, kowa ya ji ban da shi.

Allah ya jiƙansa, ya sa ciwon da ya sha ya zama kankarar zunubi.